Daga Bakin Watari Zuwa Bakin Tekun Ikko

A wannan mako za mu ɗan fito da ku daga zaure mu kai ku bakin ruwa, domin mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi daga Bagwai zuwa Ikko, watau Legas, da abin da muka gano a gaɓar tekun da ta kewaye tsibiran wannan birni. Da yawa daga cikinku fatake ne ko ma'aikatan gwamnati da sukan sauka Ikko, kuma kusan kowane baƙo, in ya sami rarar yini guda, sai ka ji ya ce bari ya je ya ga teku. To, akwai abin da ya kamata ya sani tun bai tuɓe takalminsa ba.

Mu mutanen Bagwai ba baƙin ruwa ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Watari a 1980, bayan an soma aikinta a 1977, muke zaune da tafki a bayan gari, wanda in ya cika yakan ɗauki fiye da kubik mita miliyan 100. Mun kuwa san halinsa kamar yadda mutum ya san halin maƙwabcinsa. Yakan tumbatsa a ƙarshen damina, sa'an nan ya shiga ja da baya kaɗan kaɗan tun daga kaka har zuwa bazara. Manoma na biye da shi, duk inda ya bari da danshi su shuka wani abu, suna sane da cewa wannan ƙasa aro ce, mai ita zai dawo. Amma fa sau ɗaya yake dawowa a shekara, kuma ba ya zuwa a ɓoye. Mutum na iya barin fartanyarsa a bakin ruwa da magariba, ya dawo da safe ya same ta inda ya ajiye. Da wannan sani muka tafi Ikko, muna tsammanin ya ishe mu.

Tare da 'yan'uwanmu masu kai albasa da tumatir kasuwar Mile 12 muka yi tafiyar, cikin rani, tafiyar da ta zarce kilomita dubu. Da aka gama ciniki sai muka sauka wurin wani dattijo mutumin ƙasarmu a Obalende, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta tun zamanin tsofaffin sojan Turawa. Shi wannan dattijo tun yana saurayi ya zo Ikko, ga shi yanzu furfura ta rufe masa kai. Muka ce masa, “Baba Alhaji, gobe muna so a kai mu Bar Beach, wadda muke jin labarinta tun muna yara.” Ya yi murmushi ya ce, “'Ya'yana, ai kun makara. Bar Beach ta riga ku tafiya.”

Kafin mu faɗi yadda aka yi ta tafi, bari mu ɗan bayyana yadda wurin yake, saboda wanda bai taɓa zuwa ba. Tsohon garin Ikko a kan tsibiri yake, inda masallacin Shitta-Bey na 1894 da babban masallacin Juma'a suke. Ikoyi na manne da shi ta gabas, sa'an nan kudu da su akwai tsibirin Victoria, wanda wani mashigin ruwa ya raba shi da Ikoyi. Bayan waɗannan tsibirai akwai wani babban tafki, gabansu kuma Tekun Atlantika, su biyun suna haɗuwa ta wata ƙofa guda, wadda ta nan ne jiragen ruwa ke shiga Apapa. Bar Beach ita ce gaɓar tsibirin Victoria mai fuskantar teku, kuma shekara da shekaru ita ce wurin shan iskar mutanen Ikko. Manya daga cikinku za su tuna cewa a nan ne ake harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a watan Satumba na 1971.

A da can wani tudun yashi ne ya tare ƙofar nan ta ƙarƙashin ruwa, har manyan jirage ba su iya shiga, sai su tsaya a waje a riƙa kwasar mutane da kaya da ƙananan jirage. Don haka Turawan mulki suka soma gina dogayen katangun duwatsu a gefe biyu na ƙofar wajen 1908, kuma zuwa 1914 manyan jirage sun fara shigowa. Ta wannan ƙofa ce gyaɗar Kano da fatu da auduga suka riƙa fita, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Saboda haka kada wani ɗan Arewa ya ce ba ruwansa da abin da ya biyo baya, gama iyayenmu sun ci moriyar katangun nan. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne, raƙuman ruwa a wannan gaɓa daga kudu maso yamma suke tasowa, suna tura yashi daga yamma zuwa gabas dare da rana. Da katanga ta tare hanya, sai yashi ya riƙa taruwa a gefen yamma, gefen gabas kuwa teku na ɗiba ba a mayar mata da komai. A haka ta cinye fiye da kilomita guda na gaɓar tsibirin Victoria, har ta kai ruwa yana hawowa titin Ahmadu Bello, yana shiga gidajen da gwamnatocin jihohi suka gina a can. An sha zuba yashi ana kashe kuɗi, teku tana kwashewa. Daga 2008 sai aka shiga cike wurin gaba ɗaya da yashin da ake haƙowa daga cikin teku, aka tare shi da wata ƙatuwar katanga, aka yanka filin sabon birni da ake kira Eko Atlantic. Mun je mun leƙa daga bakin hanya: dogayen benaye, da faffaɗan fili, da masu gadi a ƙofa. Titin ya tsira, amma talakan da ke zuwa shan iska kyauta ya rasa wurinsa, kuma mutanen ƙauyukan da ke gabas, irin su Okun Alfa, suna kukan cewa zaizayar ta koma kansu.

Dattijon ya ce in dai teku muke son gani da gaske, sai mu tsallaka zuwa Tarkwa Bay, a ɗaya gefen ƙofar, inda yashin ke taruwa. Mota ba ta zuwa wurin, sai kwalekwale mai inji, tafiyar kamar minti ashirin. Da muka isa bakin jirgi aka miƙo wa kowa rigar nan mai hana nitsewa. Wani daga cikinmu ya ce shi ba zai sa ba, ai kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma shi ɗan bakin Watari ne. Babu wanda ya amsa masa sai babbanmu, wanda ya ce a hankali, “Malam, ka manta da Badau?” Nan take wurin ya yi tsit. Babu mutumin Bagwai da zai manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgin da ya taso daga Badau ya kife a Watari, maƙare da mutane, galibinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa rai aƙalla 29. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Mutumin ya karɓi riga ya ɗaura, muka kuma ƙidaya kanmu, muka ƙidaya kujerun jirgin, sa'an nan muka shiga.

Mun sauka Tarkwa Bay da hantsi, ranar 14 ga watan Musulunci. Ku riƙe wannan kwanan wata, za mu komo kansa. Wurin wani lungu ne da katangun duwatsu suka kare, don haka ruwansa a kwance yake, yashinsa kuma shimfiɗe, yana gangarawa sannu sannu. Akwai rumfuna da kujerun haya, da masu sayar da kwakwa da gasasshen kifi, ko da yake an gaya mana mutanen da ke zaune a wurin sun ragu ƙwarai tun da aka tashi dubbansu a watan Janairu na 2020. Muka kama rumfa, ɗaya daga cikinmu ya auna da ƙafa, ya sami taki arba'in daga rumfar zuwa bakin ruwa. Tsakanin nan duk jiƙaƙƙen yashi ne mai santsi, ga ƙananan ƙaguwa suna gudu a karkace suna faɗawa ramukansu, ga ɓawon katantanwa iri iri. Duwatsun katanga kuma muka ga gindinsu baƙi ƙirin, da gansakuka da wasu ƙananan halittu manne a jiki, samansu kuwa a bushe, kamar an ja layi da ma'auni. Mu da muka saba da Watari sai muka ce, lalle nan ma rani ya yi, ruwa ya ja baya, sai kuma damina.

Wani saurayi mutumin Bichi, mai ɗaukar wa baƙi kaya a wurin, ya ji mu. Ya rusuna ya ce, “Ranku ya daɗe, ba sai damina ba. Kafin ku yi la'asar zai dawo.” Muka yi dariya, muka ɗauka wasan yara ne.

Shi ne ya yi mana jagora muka ratsa ta bayan katanga zuwa ɗaya gaɓar, wadda ake kira da sunan tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke kusa da ita. A nan babu abin da ya kare, teku ce tsagwaronta, kuma daga nan in mutum ya miƙe kudu babu wata babbar ƙasa sai ya kai ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen duniya. Ƙararta kaɗai ta isa ta sa mutum ya yi shiru. Raƙumin ruwa yakan taso ya yi tsayin mutum, ya naɗe, ya faɗi da ƙarfi, ya shimfiɗo farin kumfa a kan yashi, sa'an nan ya koma yana jan yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Can nesa ga manyan jirage jere suna jiran izinin shiga. Mun daɗe a tsaye babu mai cewa komai sai tasbihi.

Da azahar ta yi sai gardama ta tashi, ko ruwan gishiri yana yin alwala. Wannan mas'ala kuwa tsohuwa ce, an kuma riga an warware ta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira game da mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa sukan hau teku da ɗan ruwan sha kaɗan, aka kuma amsa masa da cewa ruwan teku yana tsarkakewa, mushen cikinta ma halal ne. Saurayin ya cika mana butoci, muka yi alwala, kowa yana yamutsa fuska wajen kurkurar baki. Muka shimfiɗa rawuna da darduma a kan busasshen yashi, muka jera takalma a bayanmu. To, ga wani abu da ba mu lura da shi ba: alƙibla a Ikko gabas ce maso arewa, teku kuwa tana kudu, watau mai salla a wannan gaɓa ba ya fuskantarta ke nan. Muna cikin raka'a ta biyu sai muka ji sanyi a dugaduganmu. Da aka sallame muka waiwaya, dardumar sahun baya ta jiƙe sharaf, takalma uku sun tafi, ɗaya muna ganinsa yana hawa yana sauka a kan ruwa. Mai shi ya zabura zai bi, saurayin nan ya riƙe masa riga da hannu biyu, ya ce, “Baba, don Allah bar shi. Wanda ya bi takalmi a nan ba ya dawowa da shi, shi ma ba ya dawowa.”

Da muka koma rumfarmu bayan la'asar, taki arba'in ɗin nan ya koma kamar goma, baƙin gindin duwatsun kuma ruwa ya rufe shi ruf.

Abin da muka gani shi ne cikar teku da janyewarta, wanda malamanmu suka sani a littattafan Larabci da sunan maddu da jazru. Sababinsa, cikin ikon Allah, wata ne. Wata yana jan ruwan duniya zuwa gare shi, sai ruwa ya yi tozo a gefen da ke fuskantarsa, ya kuma yi wani tozon a gefen da ke baya. Da yake duniya tana juyawa, kowace gaɓa takan ratsa ta tozon nan biyu, saboda haka a Ikko teku takan cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, tsakanin janyewa da cika kuwa awa shida da 'yan mintoci. Minti hamsin ɗin nan da ya hau kan yini shi ne jinkirin da kowa ya sani wata yana yi wajen fitowa kowane dare. Ke nan in yau ta cika da la'asar, gobe sai ta ƙara kusan awa guda, bayan mako kuma lokacin da ka same ta cike shi ne za ka same ta a janye. Har wa yau ba da gudu ɗaya take hawowa ba: awa ta farko da ta ƙarshe a hankali, amma a awa ta uku da ta huɗu ne take yin rabin hawanta duka. A daidai wannan lokaci muka tayar da sallarmu.

Rana ma tana jan ruwa, sai dai ƙarfinta bai kai rabin na wata ba, saboda nisanta. In rana da wata suka daidaita a layi guda da duniya, watau lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, sai jan nasu ya haɗu, teku ta yi cika mafi girma, ta kuma yi janyewa mafi nisa, kuma abin yakan fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan haka. In wata ya kwana bakwai ko takwas, da kuma wajen ashirin da biyu, sai jan nasu ya saɓa, bambancin ya ragu. Abin da ya ba mu sha'awa a nan shi ne, ma'aikacin tashar jiragen ruwa sai ya duba takardar lissafi kafin ya san halin teku, amma tsohon da ke zaune a ƙofar masallaci a Bagwai, wanda bai taɓa ganin teku ba, in ka tambaye shi yau nawa ga wata ya riga ya riƙe rabin lissafin. Mu kanmu mun san ranar 14 ce, ba mu dai san abin da ta ƙunsa ba.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin labarin nishaɗi, to, ya tuna da abin da ya auku a gaɓar Kuramo, gabas kaɗan da Bar Beach, ranar Asabar 18 ga Agusta 2012, ana jajiberin ƙaramar salla. Da asuba teku ta yi ambaliya ta afka wa bukkokin da ke bakin ruwa, aka ba da labarin mutum 16 ta tafi da su. Watan Agusta dama lokaci ne da raƙuman ruwa ke yin girma a wannan gaɓa, ga shi kuma ƙarshen watan azumi ne, lokacin babbar cika. In abu biyun nan suka gamu, ba a kwana kusa da ruwa.

Duk da haka cikar tekun Ikko ƙarama ce, tsayinta bai cika wuce mita guda ba. Alhazan da suka tsaya bakin Bahar Maliya a Jidda ba za su ma lura da komai ba, don a can ba ta kai rabin mita. A tsibirin Zanzibar kuwa takan kai mita huɗu, har ruwa ya janye ya bar jirage kwance a kan yashi, mata su shiga da ƙafa suna aikin ciyawar teku da suke nomawa, kamar yadda namu manoma ke bin Watari, sai dai su kullum ne. A wani lungun teku a Kanada da ake kira Fundy takan kai mita 16. Tun da mun ambaci Zanzibar, bari mu ɗan ratse. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda har yau sunansa muke kiran kuɗi da shi in mun ce ba mu da ko wuri, daga irin waɗannan gaɓoɓi ya fito: tsibiran Maldib da ke Tekun Indiya, daga baya kuma Zanzibar. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri 2,500. Mashigin ruwan da muka ce ya raba Ikoyi da tsibirin Victoria ma sunansa na Turanci ma'anarsa wuri biyar. Mun duba cikin yashi ko za mu tsinci ko guda mu kawo tsaraba, ba mu dace ba.

Masunta da muka tarar suna gyaran taru sun ƙara mana wani abu ta bakin saurayin namu. Ba hawan ruwa ne ya fi kashe baƙi ba, komawarsa ce. Ruwan da raƙuma suka tulo a gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wata hanya a cikin yashi ya riƙa fita ta nan da gudu kamar kwararo bayan ruwan sama. Abin ruɗin kuwa, a daidai wannan hanya ruwa ya fi kama da kwanciya, ba kumfa ba hayaniya, nan ne baƙo zai zaɓa ya shiga. Wanda ya iya iyo a Watari in ya ji ana jansa zai juyo ya yi ta kokawa da ruwan yana neman gaɓa har ƙarfinsa ya ƙare. Su kuwa sun ce a bi gefe, a yi iyo daura da gaɓa har a fita daga kwararon, sa'an nan a juyo. Mu dai shawararmu ga ɗan'uwa baƙo ita ce kada ruwa ya wuce masa idon sawu a buɗaɗɗiyar gaɓa, ya nemi layin tarkacen da cikar jiya ta bari a kan yashi ya ajiye kayansa da yaransa sama da shi, in kuma za a yi salla a hau can tudu, a bar mutum ɗaya yana duban ruwa.

Mun bar tsibirin kafin magariba, domin masu jirgi ba su son tafiyar duhu, mu ma ba mu so. Muna tsakiyar ƙofar nan sai ga wata ya fito ta gabas, jajawur, cikakke, a kan benayen da aka gina inda Bar Beach take a da. Mutum uku cikinmu da silifa na roba suka koma Obalende, wanda saurayin Bichi ya samo musu a wata rumfa, kuma da shi suka iso har gida. Da muka sauka Bagwai bayan kwana huɗu muka bi ta bakin Watari, muka tarar ya ƙara ja da baya kamar taki biyu, wani manomi har ya soma yin kunya a wurin da ya bari.